Annalise Keating: muguwa ce, ko mu ne ba mu saba ganin irinta ba?

Maman Ilham:
Salamu alaikum jama'a. Daren jiya wajen ƙarfe biyu na gama How to Get Away with Murder, zango shida cif, kashi 90. Na san na makara, tun 2020 aka rufe shirin, amma sai bana Allah ya nufa. Abin da ya hana ni barci bayan na kashe waya shi ne na kama kaina ina fatan kada kotu ta samu Annalise Keating da laifi. Ni da nake tsawata wa yara a kan ƙaryar naira hamsin! Matar nan lauya ce, tana koyar da shari'a a wata jami'a a Filadelfiya, amma babu kalar ƙaryar da ba ta yi ba. Ɗalibanta suka kashe mijinta Sam, ta sani, ta taya su rufa asiri. Ta juya ta laƙa wa saurayinta Nate kisan, mutumin da ya riga ya rasa aikin ɗan sanda saboda ita, sannan ta koma ta bayan fage tana neman yadda za a fito da shi. Ga giya kamar ruwa. To me ya sa nake sonta? Ko dai ni ce da matsala? Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri ya wuce, yau fasa ƙwai za a yi.

Abban Sultan:
Wa alaikumus salam. Maman Ilham ba ke ce da matsala ba, haka aka tsara shirin ya yi miki. Ni zango biyu na kalla na ajiye. Ki duba fa. An daɗe ana kukan ba a ba baƙar mace jagorancin babban shiri a Amurka, da aka tashi bayarwa sai aka miƙo mashayiya mai cin amanar aure. Kafin ita akwai Olivia Pope a Scandal, farkar shugaban ƙasa mai mata da 'ya'ya, kuma da ita aka yi maguɗin zaɓen da ya ɗora shi a mulki. Sai Cookie a Empire, wadda ta fito daga kurkuku bayan shekara 17 a kan harkar ƙwaya. Uku ke nan a jere tsakanin 2012 da 2015. In wannan ce karramawar, ni dai na yafe.

'Yar Zazzau:
Yaya Abban Sultan, tambaya ɗaya. Ba kai ne bara ka cika mana nan da yabon Breaking Bad ba? Malamin makaranta ya koma dafa ƙwaya, ya sa wa ƙaramin yaro guba, ya tsaya yana kallo budurwar abokin sana'arsa ta shaƙe ta mutu bai taimaka mata ba. Ban ji ka ce an ci mutuncin Turawa ko an ci mutuncin malaman makaranta ba. Cewa ka yi marubutan sun iya aiki.

Abban Sultan:
Ƙanwata ai ba ɗaya ba ne. Bature yana da fim dubu da aka nuna shi a likita, a uba nagari, a jarumin yaƙi. In an yi guda ɗaya yana dafa ƙwaya ba abin da zai ragu a jikinsa. Mai akuya ɗaya ba ya wasa da kura.

Malam Na-Tudu:
Maganar Abban Sultan tana da tushe, kuma baƙaƙen Amurka da kansu sun daɗe suna wannan gardama. Amma bari in ɗan koma baya don a ga daga inda aka taso.

Baƙar fata ta farko da ta ci kyautar Oscar ita ce Hattie McDaniel, a 1940, da fim ɗin Gone with the Wind. A baiwa mai hidimar gida ta fito, mai kula da 'yar ubangidanta kamar ita ta haife ta. A daren da aka ba ta kyautar ma, ba a zaunar da ita tare da sauran 'yan fim ɗin ba, gefe aka ware mata tebur. To shekaru da dama wannan ne gurbin da aka tanadar wa baƙar mace: mai girki, mai raino, mai haƙuri, mai ba uwargijiya shawara, ba ta da wata buƙata ta kanta. Mutuniyar kirki ce ƙwarai, babu wanda zai ce ta yi laifi. Amma ai ba a ba ta damar yin laifin ba ne ma, domin labarin ba nata ba ne.

Diahann Carroll ta yi shirin Julia a 1968, ma'aikaciyar jinya, mijinta ya rasu, tana renon ɗanta, tsaf-tsaf babu tabo. Aka yi ta sukarta cewa ta yi kyau da yawa, ba ta yi kama da rayuwar baƙaƙe ba. Ita ɗin dai ce a 1984 ta shiga Dynasty a attajira mai izza da baƙin hali, kuma da bakinta ta faɗa cewa so take ta zama baƙar mace ta farko da za a tsana a talabijin saboda mugun halinta. Ku duba, neman abin ta yi. Sannan lokacin da Kerry Washington ta fara Scandal a 2012, an yi kusan shekara arba'in, tun 1974, ba a ga baƙar mace tana jan ragamar irin wannan shiri a manyan tashoshin Amurka ba. Ita kanta Viola Davis, shekara uku kafin ta zama Annalise, a 'yar aiki ta fito a The Help, daga baya ta ce ta yi nadamar fim ɗin saboda ba muryar 'yan aikin aka ji ba a ƙarshe.

Shi ya sa nake ganin akuya ɗayar da Abban Sultan yake tsoron kura ta ci, an daɗe da ɗaure ta a turke ɗaya.

Maman Ilham:
Malam Allah ya ƙara ilimi. Wallahi ban san ita ce ta The Help ba sai yanzu da na tuna fuskar.

Mai Kitso:
Ni ba 'yar dogon nazari ba ce, amma bari in faɗi inda matar nan ta kama ni. A zango na farko, kashi na huɗu. Ta dawo gida, ta zauna gaban madubi. Ta cire sarƙa, ta cire gashin kanti, ga nata gashin nan gajere a kwance. Ta ɓanɓare gashin ido, ta ɗauki audugar goge fuska ta share kwalliyar duka har girar da aka zana. Kyamara ba ta kauce ba, ba a yi sauri ba. Sai mijin ya shigo, ita kuma da wannan fuskar tsirara ta tambaye shi me hoton tsiraicinsa yake yi a wayar yarinyar da aka tsinci gawarta.

Shekara goma sha ɗaya ina kitso. Na san abin da ke faruwa da mace idan ta cire ɗankwali ta zauna tsakanin ƙafafuwana. Hajiyar da ta shigo tana ƙamshi tana ba da umarni, da na fara tsefe mata kai sai murya ta sauka, ga sanƙo a gefe, ga furfura da ake ɓoyewa da lalle, sai ta fara ba ni labarin da ko ƙawarta ba ta sani ba. Ban taɓa ganin an sa wannan lokacin a fim ba sai ran nan. A finafinai mace da jan baki take kwana, da jan baki take tashi. Na ji ma an ce Viola ɗin ce ta nace sai an yi wannan wurin.

Bayan nan duk abin da ta aikata ina jin haushinta, amma ban iya tsanarta ba. Na riga na ga kanta.

Abban Sultan:
To ai kin faɗa da bakinki. Sun nuna miki rauninta don ki yafe mata zalunci. Dabarar ke nan.

Mai Kitso:
Ban ce na yafe ba Alhaji. Abin da ta yi wa Nate har gobe ban yafe ba.

'Yar Zazzau:
Abin mamaki a nan zan ɗan koma ɓangaren Yaya Abban Sultan, amma ta wata ƙofa. Ni abin da ke damuna da shirin ba muguntar Annalise ba ce. Yawan uzurin da marubutan suka tara mata ne. Ku lissafa. Kawunta ya lalata ta tana yarinya. Ta taso cikin talauci a Memphis, sunanta ma Anna Mae ne, ita ta canza shi don ta shiga cikin manya. Mijin da ta aura likitan ƙwaƙwalwarta ne tun farko, wanda bai kamata ya kusance ta ba. Aka buge motarta tana da tsohon ciki, ɗan ya mutu, kuma da hannun yaronta Frank a ciki. Duk sanda ta yi wani abin da zai sa mai kallo ya juya mata baya, sai a buɗe wani tsohon ciwo a nuna mana. Kamar suna tsoron in ba su biya mata kuɗin fansa ba za mu jefe ta.

Namiji fa? Walter White, malamin nan na Breaking Bad, an fara ba shi uzurin ciwon daji da iyali, amma a kashin ƙarshe ya dubi matarsa ya ce don kansa ya yi, yana jin daɗin abin, kuma ya iya. Mutane suka tafa. Matarsa da take ƙoƙarin hana shi ita aka tsana, har jarumar da ta fito a matar ta yi rubutu a jarida a 2013 kan irin zagin da take sha. Ina son in ga ranar da za a bar baƙar mace ta ce mulki nake so saboda ina sonsa, ba tare da an fara yi mata fyaɗe a labarin ba.

Malam Na-Tudu:
'Yata kin kawo magana mai nauyi, amma kada ki yi wa maza rangwame da yawa. Tony Soprano, shugaban 'yan daba na shirin The Sopranos, shi ma uwarsa aka ɗora wa komai, shirin ya fara ne da shi a gaban likitar ƙwaƙwalwa. Marubutan Amurka suna son wannan, kowane mugu sai an tono yarintarsa.

'Yar Zazzau:
Haka ne Malam, amma nasa uwa ce mai baƙin baki. Nata kuma jikinta aka taɓa. In mace ce kusan kullum ta nan ake bi. Shi ne abin da nake nufi.

Mai Kitso:
Amma 'Yar Zazzau kin tuna yadda aka faɗi labarin kawun? Uwarta ce ta zo, tsohuwar nan Cicely Tyson, ta zaunar da ita a ƙasa tana taje mata kai. Cikin tazar take ba ta labarin gidansu da ya ƙone, cewa ita ta kunna wutar da gangan kawun yana ciki a buge, saboda ta ga ya fito daga ɗakin yarinyar ta gane abin da ya yi. Shekara da shekaru Annalise tana riƙe da uwar a zuci cewa ta sani ta yi shiru. Ashe tsohuwa ta kashe mutum ta rasa gidanta a kanta. Ni wannan bai yi min kama da uzuri ba. Sai ma ya nuna min inda ta gaji halin: a yi ɓarna babba don a kare wanda ake so, sannan a rufe baki.

Maman Ilham:
Wurin nan na yi kuka wallahi. Kuma kin ga tsohuwar ma ta shiga sahun da muke magana. Mai kisa ce, amma waye zai iya ce mata muguwa a fuskarta?

Abban Sultan:
Ni zan iya cewa ta ɗauki doka a hannunta. Amma na yarda wurin ya yi.

Hajiyar Agege:
Kuna ta tafiya Amurka alhali ga ta nan a ƙofar gida. Wa ya kalli King of Boys? Na Kemi Adetiba, 2018. Sola Sobowale ta fito a Alhaja Eniola Salami, 'yar kasuwa mai taimakon jama'a da rana, shugabar 'yan daban Legas da dare. Fim ɗin da biki ya buɗe, ana kiɗa, manyan 'yan siyasa sun cika wuri, ta sulale ta shiga wani ɗaki ta yi wa wani mutum hukunci da hannunta, ta dawo ta ci gaba da gaisawa da baƙi. A silima na kalla a nan Legas, kusan awa uku, kuma mata ne suka fi ihu duk sanda ta buɗe baki.

Abin da ya sa na kawo ta, 'Yar Zazzau, ita tana son mulki kuma ba ta ɓoye ba. Ta yi wa 'yan siyasa aiki sun ci zaɓe, ta zo karɓar muƙamin da aka yi mata alkawari, suka ce hannunta ya yi datti da yawa. Dattin da su suka amfana da shi! Daga nan rigima ta tashi. A ci gaban da aka yi a Netflix a 2021 ma takarar gwamnan Legas ta fito. Mu da muke zaune a nan mun san irin waɗannan matan, a kasuwa, a tasha, a jam'iyya. Za ta biya wa marayu kuɗin makaranta, kuma in ka taɓa rumfarta ka kwana a asibiti.

Mu tsofaffi kuma mun san Sola tun tana Toyin Tomato a Super Story a NTA. Waccan muguwa ce zalla, mai raba aure, ana kallonta ana tsinuwa. Ku kwatanta Toyin Tomato da Eniola za ku ga bambancin muguwar da aka yi don a tsine mata da wadda aka yi don a rasa yadda za a yi da ita.

'Yar Zazzau:
Hajiya na kalla, kuma ina sonta fiye da Annalise. Amma ita ma ba ta tsira ba. An koma baya an nuna mana uba mai duka, ta gudu daga gida tana yarinya, ta sha wahalar titi. Sannan ki duba da me aka hukunta ta: 'ya'yanta biyu. An harbe 'yarta Kemi, ɗanta Kitan ya kashe kansa. Namiji in ya yi ɓarna a fim a jikinsa yake gani, a harbe shi ko a ɗaure shi. Mace kuma ta mahaifa ake kama ta.

Hajiyar Agege:
Kai yarinyar nan! Ban taɓa lura ba sai da kika faɗa. Amma ai gaskiyar rayuwa ce, uwa ta nan ta fi jin zafi.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Ina bin ku tun ɗazu. Akwai wadda ta girme su duka kuma ba a ambace ta ba. Fim ɗin Hyènes na Djibril Diop Mambéty, ɗan Senegal, 1992, da harshen Wolof. Muna ɗalibai aka nuna mana shi, har yau bai fita raina ba.

Wata tsohuwa ce, Linguère Ramatou, ta dawo garinsu Colobane bayan shekaru masu yawa. Garin ya talauce, ita kuma ana cewa ta fi Bankin Duniya kuɗi. Ƙafarta ɗaya ta zinariya ce. Mutanen gari suka fito tarba da kiɗa suna sa ran za ta cece su. Ta ce za ta ba su dukiyar da ba su taɓa gani ba, da sharaɗi ɗaya: a kashe Dramaan Drameh, mai kanti, mutumin da kowa yake ƙauna. Shi ne ya yi mata ciki tana budurwa, ya musanta, ya sayi shaidun zur biyu suka ce su ma sun san ta, gari ya kore ta.

Da farko mutanen suka ce Allah ya kiyaye, mu masu mutunci ne, ba ma sayar da ɗan'uwanmu. Ta ce to, zan jira. Ba ta ɗaga hannu ba, ba ta yi hayar kowa ba. Sai ga mutane sun fara zuwa kantin Dramaan ɗin suna cin bashin kaya masu tsada. Sai sababbin takalma a ƙafar kowa. Sai fanka, sai firji. Shi yana tsaye a bayan kanta yana rubuta bashi, yana gane da kuɗin wa za a biya. A ƙarshe suka taru suka yanke masa hukunci da sunan adalci.

An ɗauko labarin daga wasan kwaikwayon wani marubucin Suwizalan, amma Mambéty ya mai da shi na Afirka sarai. Kin ga 'Yar Zazzau, ita ma an ba ta ciwo, irin wanda kika ce. Sai dai fim ɗin bai nemi a tausaya mata ba ko kaɗan. Ba ta kuka, ba ta tuba, ba a hukunta ta. Kuma in ka gama kallo ba ita kake tuhuma ba, mutanen garin kake kallo kana tambayar kanka a wane layi za ka tsaya da kai ne.

Malam Na-Tudu:
Madalla da Ɗan Maraɗi. Shekara ashirin kafin Scandal ke nan.

'Yar Zazzau:
Wannan zan nema. In dai haka yake to ya fi kusa da abin da nake so. Ciwon ba don a wanke ta aka kawo shi ba.

Abban Sultan:
Wannan na Senegal ɗin ban da ja a kansa, domin akwai darasi. Matsalata da na Amurka ita ce ado da ake yi wa abin. Olivia Pope ta kashe mutum da kujera, amma abin da 'yan mata suka ɗauka shi ne farar rigarta da kofin giyarta. Annalise kuwa bayan giya da maza har da mace aka haɗa ta. Yaranmu suna kallo a waya, ba mai tace musu.

Maman Ilham:
Wannan kam gaskiya ne, ba shirin yara ba ne, ni ma sai sun yi barci nake kunnawa da abin kunne. Amma Abban Sultan giyar Annalise ba a yi mata ado ba. An nuna ta tana amai, an nuna an dakatar da ita daga aiki, an nuna ta a taron masu neman daina sha tana jin kunya. Ba wanda zai kalla ya yi sha'awa.

Shugabar Zaure:
A ci gaba amma a kiyaye harshe, akwai manya a nan. Na goge saƙo ɗaya.

Uwar Biyu:
Ban kalli ko ɗaya a cikin finafinan nan ba, amma tun da kuka fara nake tuna gwaggona, Allah ya jiƙanta. Da babanmu ya rasu mu shida ne, babbanmu shekara goma sha huɗu. Ƙannensa maza suka fara maganar sayar da gida a raba. Gwaggo, yayarsu, mai sayar da atamfa, ta je ta ɗauke takardun gidan daga akwatin babanmu tun kafin a yi sadakar uku, ta rantse a gaban dangi cewa ba ta gan su ba. Da idona na gan ta tana cusa su a ƙasan buhun gero. Shekara tara tana wannan ƙaryar. Ta zuba 'yan haya a gidan, da kuɗin muka yi karatu, mu shida.

Amma ita ɗin dai ce ta kori mahaifiyarmu daga gidan da baƙar magana kafin ta gama takaba da wata biyu, ta ce ba za ta kawo mana wani miji cikin gidan ɗan'uwanta ba. Innarmu ta koma ƙauye, sai da salla muke ganinta. Kuma a kuɗin hayar nan gwaggo ta ƙara jarinta, wannan ma mun sani. Ranar da ta rasu na yi kuka kamar raina zai fita, yayata kuma ta ƙi zuwa gaisuwa. Har yau in muka zauna ba mu gama shari'arta ba.

In aka ce a yi fim ɗin gwaggo a Kannywood, ɗaya za a zaɓa. Ko a yi ta muguwar dangin miji mai zare ido, a ƙarshe ta haukace ko ta zo tana neman gafara a durƙushe. Ko a yi ta uwar marayu mai carbi. Wadda na sani ɗin ba za ta fito ba.

Mai Kitso:
Allah ya jiƙan gwaggo. Irinta nawa suka zauna a gabana.

Hajiyar Agege:
Uwar Biyu kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. A finafinanmu muguwar mace tana da yawa, kishiya mai bin boka, uwar miji, matar uba. Amma daga fitowarta ta farko ka san ita ce, har kiɗan da ake sa mata daban ne. Jaruma kuma aikinta kuka da haƙuri har Allah ya saka mata.

Abban Sultan:
To ai akwai hukumar tace finafinai a Kano, kuma akwai jama'a. Furodusan da ya bar mace ta yi ƙarya ta ci riba har fim ya ƙare, gobe za a ce yana koyar da rashin tarbiyya. Ni ma ina cikin masu cewa haka, ba zan ɓoye ba. Amma labarin gwaggon nan, in aka yi shi yadda Uwar Biyu ta faɗa, zan kalla. Ban san hukuncin da zan yanke mata ba.

'Yar Zazzau:
Yaya ka ga ka shigo layin Maman Ilham ke nan. Ita ma abin da ya hana ta barci ke nan.

Abban Sultan:
A'a, kada ki yi min wayo. Gwaggo marayu ta rufa wa asiri. Annalise masu kisa ta rufa wa.

Malam Na-Tudu:
Masu kisan ɗalibanta ne, kuma yaron da ya yi dukan, Wes, tun yana ƙarami take bibiyar rayuwarsa saboda tana ganin da hannunta a mutuwar uwarsa. A wurinta maraya ne ita ma. Kuma kada a manta zango na huɗu, inda ta kai ƙara har Kotun Ƙoli a madadin talakawan da aka ɗaure saboda lauyoyin gwamnati da aka ba su aiki ya yi musu yawa ba su tsaya musu ba. Mutum na farko da ta sa a gaba a ƙarar mahaifin Nate ne. Ko don ta wanke kanta ta yi, ko don Allah, shirin bai faɗa mana ba.

Da Viola Davis ta ci kyautar Emmy ta shirye-shiryen talabijin a 2015, baƙar mace ta farko da ta ci ta babbar jaruma a rukunin dirama, abin da ta ce shi ne dama ce kawai ta raba su da sauran mata, ba za ka ci kyauta da rawar da ba a rubuta ba. Shekara guda kafin nan wata mai sharhi a New York Times ta rubuta cewa kyanta bai kai irin wanda aka saba gani ba, ta kuma kira Shonda Rhimes, furodusar shirin da ta ƙirƙiri Scandal, fusatacciyar baƙar mace. An yi ca a kanta sosai.

Maman Ilham:
Ni dai ƙarshen ne har yanzu yake min yawo. Ta tsaya gaban masu yanke hukunci da gashinta na Allah, ba na kanti ba, ta faɗi sunanta na asali, ta amsa cewa ta yi abubuwa marasa kyau amma ba ta yi kisan da ake tuhumarta ba. Aka sallame ta. Fitowarsu ke nan aka harbe Frank da mataimakiyarta Bonnie a matakalar kotu, Bonnie ta cika a hannunta. Wes ya riga ya mutu tun zango na uku. Ita kuma ta rayu har tsufa. Na yi murna da aka sallame ta, minti biyar bayan nan kuma na ji kamar an cuci wasu.

'Yar Zazzau:
Kin ga ita ma ta 'ya'ya aka kama ta Anti. Ba ta haife su ba, amma su ne 'ya'yan.

Mai Kitso:
Bonnie ce ta fi ba ni tausayi a shirin gaba ɗaya, kuma ita da hannunta ta kashe Rebecca, budurwar Wes, da leda. Ku bar ni kawai.

Ɗan Maraɗi:
Wanda zai nemi Hyènes ya nemi wanda aka gyara hotonsa, tsohon kwafin da ke yawo duhu ya yi masa yawa. Akwai mai fassarar Faransanci da mai ta Ingilishi a ƙasa.

Uwar Biyu:
Maman Ilham, kashi nawa ne zango na farkon? In ba shi da yawa zan sa yarona ya sauke min, in turo wa yayata ita ma.

Maman Ilham:
Goma sha biyar ne. Ki fara ke kaɗai tukuna, kada ki turo mata sai kin wuce na goma sha uku.